SHARHI: Muhawarar Coci da masana kan jaririn kwalba, da yaron da aka manta a gadon asibiti

A ranar 16 ga watan Fabrairun 2024, kotun ƙolin jihar Alabama ta Amurka ta yanke wani hukunci da ya girgiza asibitocin haihuwa na ƙasar. Kotun ta ce ƙwan mace da aka haɗa da maniyyi a ɗakin gwaji, aka daskarar da shi a ma'ajiya, yaro ne a idon dokar jihar, kuma wanda ya halaka shi ana iya kai shi ƙara kamar wanda ya yi sanadin mutuwar ƙaramin yaro. Asalin shari'ar shi ne wani majinyaci da ya shiga ɗakin ajiya na wani asibiti a birnin Mobile a shekarar 2020, ya ɗauko kwalaben, tsananin sanyi ya ƙona masa hannu, ya sake su suka faɗi ƙasa. Ma'auratan da ƙwansu ke ciki suka garzaya kotu. Babban alƙalin kotun, Tom Parker, ya kafa hujja da Littafi Mai Tsarki da malaman Kirista na dauri a cikin bayanin da ya rubuta.

Cikin ƴan kwanaki manyan asibitocin jihar suka dakatar da aikin, saboda tsoron kada likita ya tsinci kansa gaban alƙali. Matan da suka yi makonni suna shan allurai suka wayi gari an ce su jira. Abin mamaki, ba a cika mako uku ba, majalisar dokokin jihar, wadda Kiristoci masu ra'ayin riƙau suka fi rinjaye a cikinta, ta yi dokar kare likitoci daga irin wannan ƙara, gwamna Kay Ivey ta sa mata hannu ranar 6 ga Maris. Mutanen da suka yarda cewa rai na farawa tun ranar da ƙwai ya haɗu da maniyyi, su ne suka yi gaggawar sake buɗe asibitocin, domin a cikin majami'unsu akwai iyalan da suka samu haihuwa ta wannan hanya.

Wannan labari na Alabama ya nuna cewa muhawarar ta fi ƙarfin a ce faɗa ne tsakanin addini da kimiyya. Kiristoci sun rarrabu a kanta. Masanan da ba sa kafa hujja da addini su ma sun rarrabu. Kuma akwai wuraren da ɓangarorin biyu suka haɗu, waɗanda hayaniya ta hana a ji su.

Yadda abin ya faro

Ranar 25 ga Yulin 1978 aka haifi Louise Brown a garin Oldham na Ingila. Ita ce jaririya ta farko da aka haɗa ƙwanta a wajen mahaifa, aikin da ake kira FIV a Faransanci, IVF a Turanci, jama'a kuma suka laƙaba masa sunan jaririn kwalba. Mahaifiyarta na da toshewar hanyoyin da ƙwai ke bi zuwa mahaifa. Masanin kimiyya Robert Edwards da likita Patrick Steptoe da abokiyar aikinsu Jean Purdy suka ciro ƙwanta, suka haɗa da maniyyin mijinta, suka mayar mata. Daga lokacin zuwa yau an haifi mutane fiye da miliyan 10 ta wannan hanya.

Matsalar tana cikin yadda ake gudanar da aikin. Likita na ba mace magani don ta saki ƙwai da yawa a lokaci guda. Ana haɗa su duka, domin ba kowanne ne zai kama ba. A dasa ɗaya ko biyu, sauran a daskarar. Idan ma'aurata sun samu ƴaƴan da suke so, sai tambaya ta taso: me za a yi da ragowar? A zubar, a ba masu bincike, a ba wasu ma'auratan, ko a ci gaba da biyan kuɗin ajiya har illa ma sha Allah? Amsar kowa ta danganta da abin da ya ɗauki wannan ɗan tayi na ƴan kwanaki, wanda ido ba ya iya ganinsa sai da madubin likita.

Cocin Katolika: matsayi ɗaya, bai sauya ba

Lokacin da aka haifi Louise Brown, an tambayi Kadinal Albino Luciani na birnin Venice, wanda ya zama Paparoma John Paul na Ɗaya wata guda bayan haka. Ya yi wa jaririyar fatan alheri, ya ƙi la'antar iyayenta, amma ya nuna fargabar kada wata rana haihuwa ta koma masana'anta. Shekaru tara bayan nan fadar Vatican ta fitar da matsayinta a rubuce. Takardar Donum Vitae ta 1987, mai ɗauke da sa hannun Kadinal Joseph Ratzinger wanda daga baya ya zama Paparoma Benedict na 16, ta haramta haɗa ƙwai a ɗakin gwaji ko da tsakanin miji da matarsa ne. Wata takardar, Dignitas Personae ta 2008, ta ƙara jaddada hakan.

Hujjojin Cocin biyu ne. Na farko, ɗan tayi mutum ne tun daga ranar farko, don haka daskarar da shi ko zubar da shi ko zaɓen wani a bar wani cin zarafin rai ne. Na biyu, yaro kyauta ce da ke zuwa ta hanyar saduwar ma'aurata, kuma idan aka raba haihuwa da wannan saduwa, yaron ya zama abin da aka ƙera. Cocin ta yarda da duk maganin da zai gyara jikin mace ko namiji don ciki ya shiga da kansa, kamar aikin buɗe toshewa ko maganin daidaita sinadaran jiki. Abin da ta ƙi shi ne likita ya maye gurbin ma'auratan.

Da aka ba Robert Edwards kyautar Nobel a 2010, shugaban cibiyar Vatican mai kula da batutuwan rayuwa ya soki zaɓin a fili. A watan Janairun 2024 kuma Paparoma Francis ya yi kira da a haramta hayar mahaifa a duk duniya, yana mai cewa cin gajiyar talaucin mata ne.

Ko mutum bai yarda da wannan matsayi ba, dole ya yarda cewa ba ya tufka da warwara. Rauninsa shi ne mabiya da yawa ba sa bin sa. Ƙasashen da Katolika suka fi yawa, irin su Spain da Italiya da Faransa, cike suke da asibitocin haihuwa. Kuma yana da wuya a gaya wa matar da ta shekara goma tana jiran ciki cewa maganin da maƙwabciyarta ta yi ta samu ɗa, ita haramun ne a gare ta.

Sauran majami'u

Cocin Ingila ta ɗauki hanya mai sassauci. Ta amince da aikin ga ma'aurata, kuma wasu manyan limamanta sun goyi bayan a yi bincike a kan ɗan tayi a kwanakinsa na farko bisa sharuɗɗa. Cocin Orthodox ta Rasha, a cikin takardar da ta fitar a shekarar 2000, ta ƙi amincewa da duk aikin da zai kai ga tara ƴan tayi a zubar da su, ta kuma ƙi shigowar mutum na uku, walau mai ba da ƙwai ko maniyyi ko mahaifa.

Majami'un bishara na Amurka sun daɗe ba su ce uffan ba, mabiyansu na zuwa asibiti ba tare da wani ya ɗaga musu yatsa ba. Hukuncin Alabama ne ya tilasta musu magana. A watan Yunin 2024, babban taron majami'un Baptist na kudancin Amurka, wadda ita ce ɗariƙar Furotesta mafi girma a ƙasar, ya zartar da ƙuduri a birnin Indianapolis yana gargaɗin mabiya game da tara ƴan tayi. A zauren taron an ji wakilan da suka miƙe suka ce ƴaƴansu ta wannan hanya suka zo. Watanni takwas bayan haka, shugaba Donald Trump, wanda akasarin waɗannan mabiya suka zaɓa, ya sa hannu a kan umarnin neman hanyoyin rage tsadar aikin. Ke nan ko a gida ɗaya ba a gama magana ba.

Ga mai karatu Musulmi, yana da kyau a tuna cewa malaman Sunna sun yi nasu hukuncin da wuri. A 1980 Muftin Masar na lokacin, Sheikh Jadul Haƙ Ali Jadul Haƙ, ya ba da fatawar halatta aikin muddin ƙwan na matar ne, maniyyin na mijinta ne, kuma auren na nan. Abin da aka fi tsarewa a nan shi ne nasaba, shi ya sa aka haramta shigowar mutum na uku. Wannan matsayi ya fi na Katolika sauƙi, amma ya haɗu da shi a kan ƙin hayar mahaifa da sayen ƙwai.

Masu cewa a bar addini a gefe

A ɗaya ɓangaren akwai masu ra'ayin cewa dokar ƙasa ta kowa ce, don haka ba a gina ta a kan aƙidar wata majami'a. Ma'auninsu shi ne cutarwa da yarda: shin wani zai cutu, kuma shin wanda abin ya shafa ya amince? A wajensu, ɗan tayi na kwana biyar ba shi da ƙwaƙwalwa, ba ya jin zafi, saboda haka ba a ajiye shi a mizani ɗaya da macen da ke kuka a gaban likita.

Birtaniya na cikin ƙasashen da suka mayar da wannan tunani doka. Kwamitin da masaniyar falsafa Mary Warnock ta jagoranta ya ba da rahoto a 1984, inda ya ce ɗan tayi na da wata daraja ta musamman ko da bai kai matsayin cikakken mutum ba. Kwamitin ya ja layi a kwana 14: kafin nan ƙwan na iya rabuwa biyu ya zama tagwaye, kuma tushen jijiyoyi bai fara fitowa ba. Dokar 1990 ta tabbatar da wannan iyaka, ta kafa hukumar da ke ba asibitoci lasisi tana kuma bincikarsu. Ƙasashe da dama sun kwaikwayi tsarin. A 2015 Birtaniya ta ƙara taku, ta halatta amfani da wani ɓangare na ƙwan wata mace don kare jariri daga wasu cututtukan gado da ake ɗauka ta wajen uwa. Cocin Katolika ta ƙi, Cocin Ingila ta ce an yi gaggawa. A watan Yulin 2025 likitocin birnin Newcastle suka sanar da haihuwar yara takwas ta wannan hanya.

Wasu masanan sun wuce nan. Julian Savulescu, wanda ya daɗe yana koyarwa a jami'ar Oxford, ya rubuta tun 2001 cewa idan iyaye na da damar zaɓe tsakanin ƴan tayi, wajibi ne a kansu su zaɓi wanda ake ganin zai fi samun kyakkyawar rayuwa. Amma manyan masu adawa da shi ba limamai ba ne. Jürgen Habermas, masanin falsafar Jamus da ba ya kafa hujja da addini, ya ce yaron da iyayensa suka tsara halittarsa ba zai ji shi ne mai rayuwarsa ba, kuma daidaiton da ke tsakanin ƴan Adam zai gurɓace. Michael Sandel na jami'ar Harvard ya ce son mallakar komai zai kashe ɗabi'ar karɓar ɗa yadda ya zo. Wanda ya saurari waɗannan biyu da kyau zai ji kamar liman ne ke wa'azi, sai dai babu aya a bakinsu.

Tarihi ne ya koya musu tsoro. A ƙarni na 20, da sunan inganta iri, an yi wa mutane fiye da dubu 60 aikin hana haihuwa da ƙarfin tsiya a Amurka, kuma kotun ƙolin ƙasar ta amince da hakan a 1927. Gwamnatin Nazi ta Jamus ta yi wa kusan mutum dubu 400. Masana da likitoci ne suka jagoranci wannan aika-aika, ba jahilai ba. Shi ya sa Jamus ta yi ɗaya daga cikin dokoki mafi tsauri na kare ɗan tayi a 1990, Faransa kuma, duk da ta buɗe aikin taimakon haihuwa ga dukkan mata a 2021, har yanzu ta haramta hayar mahaifa. Indiya ma sai da ta yi doka a 1994 don hana duba jinsin ciki, bayan da aka ga ana zubar da ƴaƴa mata.

Ranar da kowa ya ce a'a

A shekarar 2012 masu bincike biyu, Jennifer Doudna ƴar Amurka da Emmanuelle Charpentier ƴar Faransa, suka bayyana wata dabara mai suna CRISPR, wadda ke aiki kamar almakashi: tana nemo wani wuri a cikin ƙwayoyin gado na halitta ta yanke shi don a gyara. Sun samu kyautar Nobel a 2020. Dabarar na da arha da sauƙi idan aka gwada da waɗanda suka gabace ta, kuma nan haɗarin yake.

Gyaran iri biyu ne, kuma bambancinsu shi ne ƙashin bayan dukkan muhawarar. Akwai gyaran da ake yi a jikin majinyaci, a jininsa ko ɓargonsa, wanda ke tsayawa a kansa shi kaɗai. Akwai kuma wanda ake yi a ƙwai ko maniyyi ko ɗan tayi, wanda zai bi ƴaƴa da jikoki har abada.

A watan Nuwamban 2018 wani masani ɗan ƙasar Sin, He Jiankui, da ke aiki a birnin Shenzhen, ya sanar cewa an haifi tagwaye mata waɗanda ya taɓa ƙwayoyin gadonsu tun suna ƴan tayi, wai don kada su kamu da cutar sida. Yaran ba su da wata cuta da ke buƙatar wannan, kuma akwai sanannun hanyoyin kare jariri daga ƙwayar cutar mahaifinsa. Bayanan da ya nuna sun tabbatar da cewa gyaran bai fita yadda ya nufa ba. Duniya ta yi masa ca. Masanan Sin da na Turai sun la'ance shi. Francis Collins, wanda ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam kuma Kirista ne mai bayyana imaninsa, ya yi tir da shi. Kotu a Sin, ƙasar da gwamnatinta ba ta bin wani addini, ta ɗaure shi shekara uku a watan Disamban 2019, tare da tarar yuan miliyan 3.

A wannan rana Vatican da Beijing sun tsaya a layi ɗaya. Yarjejeniyar Oviedo ta ƙasashen Turai ta haramta irin wannan gyara tun 1997, kuma taron masana na duniya da aka yi a Landan a watan Maris na 2023 ya sake cewa ba a yarda da shi ba a halin yanzu. Dalilansu sun bambanta. Coci na ganin ƙetare iyakar Mahalicci ne da wasa da rai. Masana da yawa na cewa haɗarin ne ya yi yawa a yau, wanda ke nufin gobe suna iya sauya magana. Wannan bambanci zai dawo, musamman yanzu da wasu kamfanoni a Amurka suka fara tallar gwajin ƴan tayi don hasashen tsayi ko basira, abin da masana da yawa ke cewa ba shi da tabbas.

Ranar da kowa ya ce e

Akwai wuri na biyu da aka haɗu, kuma shi ne aka fi mantawa. Takardar Vatican ta 2008 ta faɗa a sarari cewa gyaran ƙwayoyin gado a jikin majinyaci don warkar da shi halal ne a asali. Majami'un Furotesta ba su ƙi ba. Masanan da ba ruwansu da addini su ne ma ke yin aikin.

Maganin farko da aka amince da shi a duniya ta hanyar CRISPR na cutar amosanin jini ne, wadda aka sani da sikila ko emasi. Sunansa Casgevy. Birtaniya ta amince da shi a watan Nuwamban 2023, Amurka ta bi ranar 8 ga Disamba. Ana ciro ƙwayoyin da ke samar da jini daga jikin majinyaci, a gyara su don su koma yin irin jinin da jariri ke da shi a ciki, wanda ba ya lanƙwashewa kamar lauje, sannan a mayar masa. Victoria Gray, wata mata daga jihar Mississippi da aka fara gwada maganin a kanta a 2019, ta tsaya gaban taron Landan ta ba da labarin yadda ciwon da ya addabe ta tun tana jaririya ya rabu da ita.

Farashin maganin a Amurka dala miliyan 2 da dubu 200 ne ga mutum ɗaya, wato sama da miliyar ɗaya na kuɗin sefa. Ban da kuɗin, yana buƙatar asibitin da ke iya dashen ɓargo da makonni na jinya. A 2021 an ƙiyasta cewa an haifi jarirai sama da dubu 500 da wannan cuta a duniya, kusan kashi 80 cikin 100 a Afirka kudu da Sahara. Maganin na can, majinyatan na nan.

Ko a nan ma tsohuwar muhawarar ta leƙo. Kafin a mayar da ƙwayoyin da aka gyara, sai an ba majinyaci magani mai ƙarfi da ke share tsohon ɓargo, kuma wannan magani na iya hana shi haihuwa. Don haka ake ba shi shawarar ya daskarar da ƙwai ko maniyyi tukuna. Haka kuma ma'auratan da dukkansu ke da jinin AS, waɗanda kowane cikinsu ke da haɗarin ɗaya cikin huɗu na zuwa da SS, za su iya haɗa ƙwai a ɗakin gwaji a zaɓi wanda ba shi da cutar. Masanan duniya da yawa na ganin wannan rahama ce. Cocin Katolika na ganin tace rayuka ne. Wannan saɓani na gaske ne, kuma babu alamar zai ƙare.

Inda abin ya taɓo gida

Wani zai ce ina ruwan Nijar da gardamar Turawa, ƙasar da ke cikin waɗanda suka fi yawan haihuwa a duniya. Amsar ita ce inda haihuwa ta fi daraja, nan rashinta ya fi ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2023 kusan mutum ɗaya cikin shida na fuskantar matsalar rashin haihuwa a wani lokaci na rayuwarsa, kuma babu wani babban bambanci tsakanin ƙasashe masu arziki da matalauta. Aïcha Macky, ƴar Damagaram, ta nuna wannan ciwo a fim ɗinta na 2016, L'Arbre sans fruit: gorin dangin miji, kishiya, yawon gidajen masu magani, da mazan da ke ƙin zuwa gwaji alhali likitoci sun tabbatar cewa a kusan rabin matsalolin akwai hannun namiji. Jama'a ba su manta da badaƙalar jariran da aka ce an shigo da su daga Najeriya ba, wadda ta ɓarke a 2014. Duk abin da mutum ya ɗauka game da siyasar da ta dabaibaye shari'ar, ta nuna inda matsin rashin haihuwa ke iya kai iyali.

Masu hali na fita waje neman wannan magani, kuma asibitoci masu zaman kansu na ƙaruwa a Afirka ta Yamma. Inda doka ba ta yi magana dalla-dalla ba, kasuwa ce ke yanke hukunci: ita za ta faɗi ƴan tayi nawa za a dasa, ƙwan wa za a yi amfani da shi, da abin da za a gaya wa matar da ta sayar da filinta game da yiwuwar nasara. Idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Alabama ta jira sai da kwalabe suka fashe sannan ta fara tunani.

Matsayin wannan kafa

Da farko, ya kamata hukumomin lafiya su zauna da likitoci da malaman Musulunci da shugabannin majami'u da ƙungiyoyin mata a tsara ƙa'idoji bayyanannu tun kafin kasuwar ta yi ƙarfi. Kiristocin Nijar ba su da yawa, amma sun daɗe a aikin jinya, kamar yadda asibitin Galmi ke shaida, kuma muryarsu na da gurbi a wannan zama. Darasin Birtaniya shi ne ana iya yin doka mai aiki ba tare da an warware gardamar yaushe rai ke farawa ba: a ba da lasisi, a riƙa bincike, a kare nasaba, a tilasta wa asibiti faɗin gaskiya, a kuma haramta taɓa ƙwayoyin gadon da za su bi zuriya. Wanda addininsa ya hana shi, ba mai tilasta masa. Wanda addininsa ya yarje masa, doka ta kare shi daga ƴan damfara.

Na biyu, rigakafi ya fi magani. Rashin haihuwa da yawa a wannan yanki na zuwa ne daga cututtukan da ba a yi maganinsu da wuri ba, da haihuwa ko ɓari a wurin da babu tsafta, abin da ke toshe hanyoyin ƙwai. Maganin wannan na cikin ƙananan asibitocin unguwa da na karkara, kuma babu liman ko malami ko masanin falsafa da ke adawa da shi. Haka gwajin jini kafin aure: a sauƙaƙa shi, a yi shi tun kafin soyayya ta yi nisa, a kuma daina mayar da mai jinin AS ko SS abin ƙyama.

Na uku ya shafi masu muhawarar kansu. Majami'un da ke kashe dukiya da lokaci wajen kare ɗan tayi a ma'ajiya, da masanan da ke alfahari da ƴancin zaɓi da ci gaban kimiyya, dukkansu sun ce warkar da majinyaci alheri ne. To ga wurin gwada gaskiyarsu. Gwajin jarirai tun ranar haihuwa, penisilin, rigakafi, gidan sauro da maganin hydroxyurea, wanda binciken da aka yi a Angola da Kwango da Kenya da Uganda ya nuna yana rage ciwon sikila da mutuwa a tsakanin yara, duk ba su kai ƙwayar gero ba a kan farashin Casgevy. Cibiyar kula da masu amosanin jini da ke Yamai ba za ta iya ɗaukar nauyin iyalan Maraɗi da Tawa da Damagaram da Diffa ita kaɗai ba. Kamfanonin da suka mallaki sabon maganin da gwamnatocin da ke mara musu baya na da bashin bayani kan yaushe zai iso inda cutar ta fi yawa. An taɓa cewa maganin sida ya fi ƙarfin Afirka, sai da majami'u da ƴan gwagwarmaya marasa addini suka haɗa murya farashin ya faɗo.

Gardama kan ɗan tayi na kwana biyar za ta ci gaba a kotuna da majami'u da jami'o'i, kuma ta cancanci a yi ta cikin mutunta juna, domin kowane ɓangare na tsaron wani abu mai daraja. Amma yaron da ke murƙususu a gadon asibiti da ciwon ƙashi, babu wanda ke musun cewa shi mutum ne. Da shi ya kamata a fara.